Tsakon da Bai San Muryar Uwarsa Ba

Lugbe, Abuja
Alhamis, bayan La'asar

Zuwa ga 'yata Husna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, duk da cewa yanzu muka gama cin abinci a kwano ɗaya. Ina roƙon Allah Ya kai ku Tungan Maje lafiya ranar Asabar, Ya tsare ki a cikin mota da bayan kin sauka, Ya sa gidan ya karɓe ki, ke ma ki karɓe shi. Amin.

Na san dariya za ki yi. Ɗakinmu ɗaya, katifarmu ɗaya, amma ga ni ina rubuta miki wasiƙa kamar wadda take Legas. Kin dai san halina. Magana in ta yi nauyi a wuya take tsaya min, sai in yi ta murza bakin hijabi har mai sauraro ya gaji ya tashi. Biro ne kaɗai ba ya sa ni in-ina. Yanzu haka ina jiyo ki a tsakar gida, Hajiya kakarki tana miki kitso kina cewa, "Ni fa ba inda za ni." Ita kuma tana cewa, "Riƙe kanki da kyau. Tungan Maje ce fa, ba Makka ba."

Bari in fara daga farko, don akwai abin da ba ki isa tunawa ba. Ke ce 'yar fari a wurin yayata Maryam. Da aka yaye ki aka kawo ki nan wurin Hajiya kamar yadda ake yi, da sunan za ki yi wata ɗaya ko biyu. Lokacin Yaya Maryam tana makarantar koyon jinya, babanki kuma kullum ana canza masa wurin aiki. Wata ya zama shekara, shekara ta zama shekaru. Ni kuwa ina 'yar firamare, na samu abin goyo. Ni na goya ki, ni na koya miki cin tuwo da hannun dama, har bakinki ya buɗe kika fara ce min Mamina. Ita kuma da kika ji ina ce mata Yaya Maryam, sai kika ɗauka sunanta ke nan, kika bi ni.

Yanzu babanki ya gama gininsa a Tungan Maje, sun zauna wuri ɗaya, sun ce 'yarsu ta dawo gida ta shiga sakandare a can. Ke kuma kin kafe, kin ce ba za ki ba sai in Mamina ce ta ce ki tafi. Tun ranar kowa ni yake kallo, har Baba kakanki, ni kuwa na shige ɗaki na rufe fuskata da littafi. To wannan takarda ita ce amsata. Amma ba zan iya ba ki ita kai tsaye ba, sai na bi ta akurki, don a can na koyi ɗan abin da na sani game da reno.

Kin tuna Gimbiya, jar kazarmu ta farko? Maman Ladi ce ta ba ni ita, maƙwabciyarmu mai ɗinki, wadda katangarmu take ɗaya da tata. Kiwo ta ba ni, in ta ƙyanƙyashe mu raba 'ya'yan. Ta miƙo min ita ta kan katanga tana cewa da Hausarta ta 'yan koyo, "Riƙe shi da kyau Sakina, wannan kaza ya fi ni hankali." Zakaran kuwa nata ne, wani ƙato mai jan wuya da yake tsallakowa kullum ba sallama. Baba ne ya sa masa suna Darakta, wai tafiyarsa sak ta ogansu na ma'aikata, ƙirji a gaba, ba ya gaida kowa.

Da Gimbiya ta fara ƙwai a bayan tsohon turmi, na rasa inda zan sa kaina don murna. Kullum in na dawo daga makaranta, kafin in cire takalmi, can nake nufa. Sai na ga ƙwayayen duk sun yi dauɗa, ga kashin kaji, ga ƙasa, ga gashi ya manne musu. Raina bai so ba. A littattafan soyayyar da nake ɗaukowa haya a shagon bakin titi, duk inda za a haifi jariri ɗakin ƙamshi yake yi, komai fari fat. Na ce 'ya'yan Gimbiya ba za su zo duniya cikin ƙazanta ba. Na jira ta fita kiwo, na kwashe su, na wanke ɗaya bayan ɗaya da sabulun wankan Hajiya, na goge da tawul. Na kwashe ciyawar da ta tara na shimfiɗa tsohon ɗankwali. Har turare na ɗan fesa, Allah Ya yafe min. Da ta yi kwanci kuma ban bar ta ta huta ba, safe da yamma sai na ɗaga ta na leƙa.

Mako uku suka wuce, shiru. Aka shiga na huɗu, shiru. Gimbiya ta rame, ƙirjinta ya zube. Rannan da rana tsaka muka ji fus, sai wani wari ya cika gidan, har Baba da yake barcin Asabar ya fito yana tambaya ko masai ce ta fashe. Duk sun zama baragurbi, ko ɗaya bai yi rai ba.

Maman Ladi ta leƙo ta katanga, hannu a hanci. Na gaya mata abin da na yi ina kallon ƙasa. Ta buga cinya ta ce, "Ka wanke ƙwai da sabulu? Ƙwai ɗin zai je coci ne? Wayyo, wannan yarinya zai kashe ni!" Ta yi ta dariya har ɗankwalinta ya zame. Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta tsagaita, ta ce ƙwai da rigarsa yake fitowa daga cikin uwa, riga ce da ido ba ya gani, in an wanke an tuɓe shi ke nan. Ta ce in sami gawayi in yi wa kowanne alama don in gane sabo da tsoho, daga nan in ɗauke hannuna.

Husna, ki riƙe wannan. Za ki shiga gidan da aka tsara shi ba tare da ke ba. Za ki ga ana ajiye tsintsiya inda mu ba ma ajiyewa, za ki ji miyar kuka ba irin ta Hajiya ba, za ki ga ƙannenki suna abin da a nan da an tsawatar. Na san bakinki. Kada ki ce, "Mu a gidanmu ba haka ake yi ba." Can ɗin ma gidanku ne. Ki zuba ido tukuna, ki yi tambaya kafin ki gyara. Wani abin da za ki gani kamar dauɗa, shi ne yake riƙe da wurin.

Karo na biyu na ji magana. Na yi alamar gawayi, na ajiye mata ruwa da tsaki kusa, na daure zuciyata. Wata safiya na tsuguna a bayan turmin sai na ji wani ɗan sauti siriri, tsiu, tsiu. Na duba ko'ina ban ga komai ba. Ashe daga cikin ƙwai yake fitowa. Husna, abu yana cikin ɓawo bai ga duniya ba, amma yana magana, Gimbiya kuma ta sunkuyar da kai tana amsa masa ƙasa-ƙasa, kur, kur. Na karanta littattafai da yawa, an kwatanta min wata da taurari da furanni, amma ban taɓa karanta abin da ya taɓa ni kamar hirar nan ba. Na rugo na ɗauko ki da bakinki duk koko, na ce ki kasa kunne. Kika zaro ido kika ce, "Mamina, wa ya kulle shi a ciki?"

Da suka fito ba su da kyan gani ko kaɗan, a jiƙe, wuya a lanƙwashe, kamar an tsamo su daga miya. Kafin azahar sun bushe sun zama kamar auduga. Ranar ko abincin rana ban ci ba.

Kwana biyu da fitowarsu Maman Ladi ta shigo da galura a murfin kwalba, ta ce a shafa musu, shirwa in ta hango ja daga sama ba ta gane tsaki ne. Muka zauna mu uku muna kamawa muna shafawa. Ke kika tsoma hannu biyu, kika shafa a kumatu, kika shafa a bangon Hajiya. Baba ya dawo daga ofis ya tsaya a ƙofa da jakarsa, ya ga abubuwa jajaye suna yawo a tsakar gida, ya ce, "Ikon Allah. Bikin wa ake yi aka sa wa kaji lalle?" Ya dube ki ya ce, "Au, ashe amaryata ce ake wa kamu ban sani ba." Duk lokacin da raina ya ɓaci, yammacin nan nake tunawa.

Amma akwai tsako ɗaya da na ɓoye a bayana ranar, ban bari an shafa masa ba. Fari ne tas, ba ɗigon komai a jikinsa, idonsa kamar an sa masa kwalli. Na ce wannan ya fi ƙarfin galura. Na sa masa suna Lele. Da yamma da sauran suka shige ƙarƙashin uwarsu, ni na wuce da shi ɗaki, na sa shi a kwalin taliya, na shimfiɗa masa tsumma, na ajiye fitilar ƙwai kusa don ɗumi.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Sakina, mayar wa uwa ɗanta."

Na ce, "Hajiya, tana da su da yawa fa. Ba za ta ma lura ba."

Ta ce, "Ke kika ce."

Ta kuwa lura. Kwana da kwanaki Gimbiya tana zuwa bakin ƙofar ɗakinmu da sauran a bayanta, ta tsaya ta karkata kai tana kira. Ni kuma in rufe ƙofa. A raina ina cewa ai na fi ta iya kula da shi. Ita ƙasa take tona musu, ni kuwa a tafin hannuna yake cin tsaki, har dafaffen ƙwai nake marmasa masa. Ya saba da ni ƙwarai. In na shiga kicin yana biye, in na zauna karatu ya hau kan ƙafata ya yi barci. Kowa ya zo gidan sai ya yi mamaki, ni kuwa kaina ya yi girma. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ga wani abu mai rai da bai san kowa ba a duniya sai ni. A littattafan nan haka so yake, mutum ya riƙe abin da yake so ya ce ba zai iya rayuwa ba sai da shi. Na ɗauka abin da nake yi ke nan.

Da ya fara fiffike kwali ya yi masa kaɗan, Hajiya kuma ta gaji da share kashi a ɗaki. Dole na fara sakinsa tsakar gida. Bai shiga cikin 'yan'uwansa ba. Suna can suna tono, shi yana gindin ƙafata.

Kin san yadda jirage suke wucewa ta kanmu in za su sauka. Tun muna ɗaki Lele ya saba da inuwarsu da ƙararsu, ba ya ko motsi. Gimbiya ma ta saba, jirgi in ya wuce ko kai ba ta ɗagawa. Amma ta san bambancin inuwa da inuwa.

Wata Asabar da hantsi ina wankin kayan makaranta a bakin famfo, ke kina zaune a kan tabarma kina wasa da murafen kwalba. Na tashi na je shanya, Lele ya biyo ni ya tsaya a tsakiyar fili. Sai Gimbiya ta yi wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba, dogo, mai kaifi. Kafin in juyo duk jajayen nan sun ɓace, wasu ƙarƙashin fiffikenta, wasu bayan turmi, wasu sun lafe a jikin bango kamar ba rai. Shi kaɗai ya rage, fari fat a tsakiyar jar ƙasa. Ya ji kukan sarai, don na ga ya ɗaga kai. Amma bai san me ake nufi ba. Sai ya juyo yana kallona, yana jiran in gaya masa.

Ni kuwa ina tsaye da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. Ban san me zan ce ba. Ban ma ga shirwar ba sai da ta sauko.

Kika miƙe kina nuna sama kina ihu, "Mamina, jirgi ya ɗauke Lele! Ki ce ya dawo da shi!"

Ban yi kuka a gabanki ba. Na gama shanyar, na shiga ɗaki na ga kwalin, sannan abin ya zo. Hajiya ta bar ni na yi mai isata, sannan ta shigo ta zauna a bakin katifa. Na ɗauka faɗa za ta yi. Na riga ta, na ce, "Hajiya, wallahi ban taɓa barinsa da yunwa ba."

Ta ce, "Na sani. Kin ba shi abinci, kin ba shi ɗumi, ba wanda zai ce ba ki so shi ba. Abu ɗaya ne ba ki da shi. Ba ki iya kukan da ake yi in shirwa ta taho ba."

Shi ke nan abin da ta ce, ta tashi ta tafi ɗora girki.

Na ɗauka na fahimce ta a ranar. Ashe rabi na fahimta, don abin da na yi wa Lele ina nan ina yi miki, ban gani ba. In Yaya Maryam ta zo ganinki, kina jin sallamarta sai ki ruga ki ɓuya a bayana, ki riƙe min zane. Da bakina ina cewa, "Je ki gaishe ta mana," amma a cikina daɗi nake ji. Ban taɓa zaunar da ke na ce miki wannan ba Yaya ba ce a wurinki ba. Wata Sallah ta kawo miki riga mai ruwan hoda da ta zaɓa da kanta, kika karɓa da hannu biyu kika ce, "Na gode, Yaya Maryam." Duk ɗakin aka yi dariya, ita ma ta yi. Can anjima na fita zuba wa kaji ruwa, na same ta tsaye a gaban akurki ita kaɗai, da mayafinta na Sallah, ta daɗe tana kallon Gimbiya da 'ya'yanta. Da ta ji motsina ta ce, "Kajin nan naki sun yi kyau, Sakina." Ba ta juyo ba.

Ki gane wani abu game da ita. Ke 'yar fari ce, kuma kin san yadda ake kunyar ɗan fari. Ba za ta kama sunanki a gaban mutane ba, sai dai ta ce "ke" ko "yarinyar nan." Ba za ta jawo ki jikinta a gaban Hajiya ba. Ni da ba ruwana da wannan kunyar, ni na yi ta rungumarki ina kiran sunanki, har kika ɗauka wanda ya fi kiran suna shi ya fi so. Ba haka ba ne. Kin tuna zuwanta na watan jiya? Kina kallon talabijin ta zuba miki ido na ɗan lokaci, sai ta ce wa Hajiya, "Yarinyar nan tana ƙanƙance ido. Ba ta gani sosai daga nesa." Aka kai ki asibiti, ga shi yanzu kina da tabarau, kin ce ashe ganyen bishiya ɗaiɗai yake. Husna, shekara nawa ina kwana kusa da ke, ni nake duba miki aikin gida, ina faɗa kina kwafe allo ba daidai ba. Ban taɓa lura ba. Ita zama ɗaya ta yi.

Kina girma. Akwai abubuwan da za su taso miki nan gaba kaɗan, na jiki da na zuciya da na mutane, waɗanda ni kaina ban gama saninsu ba. Ni da nake ɓuya a bayan littafi in baƙo ya yi sallama, me zan ce miki in inuwa ta taho? Ina tsoron ranar da za ki juyo ki kalle ni, ni kuma ina tsaye da jiƙaƙƙiyar riga. Ki je ki koyi muryarta. In ta ce kada ki bi ta wancan lungun, ko kada ki saba da wance, ko ki dawo kafin magariba, ki fara bi tukuna, bayani ya zo daga baya.

Kada ki ce lokaci ya wuce, kin riga kin girma a wani wuri. Shi ya sa nake so ki san labarin Tauraruwa, kazar nan baƙa mai ɗigon fari da kike cewa ta fi son ki da ni.

A kwancin Gimbiya na gaba, duk suka fito ta tashi da su, ta bar ƙwai ɗaya a gurbi. Na ɗauka baragurbi ne, na ɗauko zan jefar, sai na ga ɗan tsagu a jikinsa, ga bakin tsako yana motsi a hankali. Ƙwan ya yi sanyi. Na naɗe shi a ɗankwali na sa a jikina, na zauna kusa da murhu. Hannuna yana ƙaiƙayi in ɓare masa ɓawon, amma na tuna sabulu, na bar shi ya yi aikinsa. Wajen la'asar ya fito. Da ya bushe sai ga shi baƙi da ɗigo-ɗigo, ya buɗe ido, ni ya fara gani. Kwalin Lele yana nan a kan kabad ban jefar ba. Wallahi sai da na sauko da shi.

Na daɗe ina kallon kwalin. Sannan na mayar da shi, na jira rana ta yi sanyi kaji suka shiga akurki, na je na tura tsakon a gefen Gimbiya. Ta kalle shi ta kai masa sara. Ya yi ƙara ya rugo wurina, ya hau kan yatsun ƙafata. Husna, ban san inda na samu ƙarfin ba. Na ɗauke shi na sake turawa, na gudu na ɓuya a bayan duron ruwa inda ba zai gan ni ba. Yana ta kuka yana juyawa yana nemana, ni ma ina yi a bayan duro, na toshe bakina da hijabi. Maman Ladi ta leƙo ta katanga za ta yi magana, na ɗaga mata hannu, ta tsaya tana kallo.

Gimbiya ta sake miƙa wuya, na rufe ido. Sai na ji kur, kur, irin wanda take wa ƙwai. Na buɗe ido na ga tsakon ya daina kuka, ya karkata kai yana saurare. Ashe bai manta ba, tun yana cikin ɓawo yake jin muryar. Ta ɗan ɗaga fiffike, ya tsaya jim, sannan ya shige.

Maman Ladi ta ce a hankali, "To, ka ga ni ko? Yanzu ka zama uwa." Sai kuma halinta ya dawo, ta ce, "Abeg share hanci, ka yi muni."

Wannan tsakon shi ne Tauraruwa. Ta sha galura kamar kowa, ta koyi tono, ta koyi guduwa in an yi kuka. Ta girma ta yi nata kwancin, kin kuma ga yadda take tashi sama ta tari shirwa da ƙirji. Ga abin da na fi so ki lura da shi. Har yau in na tsuguna na buɗe tafin hannu, ita ce take fara zuwa. Na mayar da ita wurin uwarta, ban kuma rasa ta ba. Wanda na riƙe na hana kowa, shi na rasa.

Tauraruwa taki ce, da ita za ki tafi. Na riga na gaya wa Hajiya, Baba kuma ya ce zai samo kwando mai murfi. In kun isa ki ɗaure mata ƙafa da tsumma mai laushi a inuwa na 'yan kwanaki, in ba haka ba, za ta kama hanya tana neman Lugbe. Ranar farko ƙila ta ƙi cin abinci, ta yi ta jan igiya tana kallon ƙofa. Kada tausayi ya sa ki kwance ta. Ki ajiye mata ruwa da tsaki ki ba ta lokaci, da kanta za ta fara tono. Ke ma in kin ji haka a kwanakin farko, ba wani abu ba ne ya lalace, baƙunta ce, tana wucewa.

Ki zuba mata toka a wani lungu ta riƙa birgima saboda ƙuma. Ki rufe akurki kafin magariba, na ji an ce wajen can akwai muzuru. In an kawo sabuwar kaza daga kasuwa kada ki haɗa su nan take, ki ware ta ki ga lafiyarta. Kin tuna yadda ciwo ya shigo mana bara ya kwashe rabin akurki, har da Gimbiya. Ki kuma gaida maƙwabta da kyau, musamman masu zakara, don Darakta ba zai bi ku ba, ya ce shi ba ya aiki a wajen gari.

Kiwo na ba ki, yadda Maman Ladi ta ba ni. In ta yi ƙyanƙyasar farko, ɗaya nawa ne. Amma kada ki raba shi da uwarsa sai ya yi fiffike ya san duk abin da za ta koya masa. Sannan ki kawo min shi da hannunki in an yi hutu, ki kwana a gefenki na katifa, ki ba ni labarin makaranta har in gaji. Kafin nan Baba ya yi alkawarin ba ni aron wayarsa duk Juma'a. Ku yi filashin kawai, ni zan kira.

To ga amsar da kike jira. Ki tafi, Husna. Ni na ce ki tafi, ba wanda ya sa ni. Ranar Asabar in kin ga ban fito rakiya har bakin titi ba, kada ki neme ni. Ina bayan duro.

Abu ɗaya nake roƙonki. In motar ta tsaya, za ki gan ta a ƙofar gida. Ba za ta rugo ba, ƙila ma ta yi kamar kwandon kazar take dubawa. Ki je gabanta ki durƙusa ki ce, "Umma, ina wuni." Bakinki zai yi nauyi, na sani, ki daure ki faɗa ko da a hankali ne. Ƙila ta kau da kai, ƙila ta ce wa ƙannenki su shigo da kaya. Ki tsaya kusa da ita kawai, kada ki juyo neman kowa.

Allah Ya tsare min ke daga abin da ke sama da abin da ke ƙasa, wanda ake gani da wanda ba a gani. Ya ba ki ilimi mai amfani da ƙawaye na gari, Ya sanya albarka a kiwonki, Ya haɗa mu cikin alheri. Ki gaida babanki da ƙannenki. Ki gaida Ummanki.

Wassalamu alaikum.

Taki har kullum,
Maminki zuwa safiyar Asabar,
daga nan kuma Antinki Sakina.